Sharhi kan samfurin baki da harshe na roba

Samfurin rabin kai ne na roba da aka tsaga ta tsakiya, ana ciro harshen a kuma mayar. Ga duk ɗalibin likitanci da zai shiga fiɗar kai da wuya, ina ganin ya cancanci a mallake shi, amma da sharaɗi.

Inda ya fi burge ni shi ne tsokoki. A kowane ɓangare harshe yana da tsoka 8, guda 4 a cikinsa masu sauya masa siffa, 4 kuma sun riƙe shi daga waje. Jiniyogulosas, ɗaya daga cikin tsokokin na waje, ta fito sarai, ta taso daga bayan haɓa ta baje cikin harshe kamar mafici. Kana kallonta za ka gane dalilin da ya sa idan jijiya ta 12 daga cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wato mai motsa harshe, ta samu rauni, harshe ke karkata zuwa ɓangaren da ya raunana in mutum ya zaro shi. Sai tsokar hayogulosas, wadda aka yi ta yadda ake ɗaga ta da yatsa: jijiya ta 12 tana kwance a samanta, jijiyar jinin harshe kuma ta bi ta ƙarƙashinta. Zanen littafi bai taɓa zaunar mini da wannan a kai ba sai da na taɓa da hannuna. Ganɗa, beli, dasashi da haƙora duk ba laifi.

Abin da ya ɓata mini rai a ƙasan baki yake. Jijiyar lingwal, mai ɗauko ji daga harshe, a jikin mutum tana zagayowa ta ƙarƙashin bututun yawu mai fitowa daga ƙasan muƙamuƙi, masu ƙera samfurin kuwa sun miƙar da ita sambal a gefensa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin nan ne likita ke taka-tsantsan in zai cire tsakuwa daga bututun, kada ya yanke jijiyar da ke ɗauko ji daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe. Ɗan ramin bayan harshe ma, inda halittar tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya) ke farawa, babu shi sam.

Launukan kuma kada su ruɗe ka. A jikin gawa babu ja, babu ɗorawa. Jijiya da bututu kusan kamarsu ɗaya, sai ka bi kowanne har tushensa. Ka riƙa nazarin samfurin kafin shiga ɗakin fiɗa, amma ƙasan baki ka koye shi a kan gawa tare da malaminka.