Alimantasiyo mai "wat 750" da ta kasa riƙe katin hoto biyu

Wannan sharhi ne a kan alimantasiyon nan, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, baƙa mai jar fanka da aka rubuta wa 750W ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda ta cika shagunan kayan kwamfuta daga wajen Kasuwar Dole har Sabon Gari a Damagaram. Kuɗinta kun sani, masu sayar da ita ma kun san su. Na saye ta ne a kan magana ɗaya: mai shago ya ce, "Malam, ko kati uku ka ɗora mata za ta ɗauka." Ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya ce to ka gani. Wannan gwaji ba ya nuna komai illa cewa akwatin yana kunnuwa. Ko alimantasiyon da ke gab da mutuwa za ta juya fanka idan babu kaya a kanta.

Injin da aka ɗora mata: furosesa Ryzen 5 3600 a kan kart-mer (babban allon da ake jona komai a kai) mai B450, katin hoto RTX 3060 a gurbin sama, wani katin GTX 1660 Super a gurbin ƙasa. Don aikin Blender, manhajar zanen 3D, aka haɗa su, domin Cycles, sashenta mai fitar da hoto, yana iya raba aiki tsakanin kati biyu. Ba maganar SLI ake ba, wato haɗa kati biyu su yi wasa tare, waɗannan katuna ba sa yin sa, kuma NVIDIA ta daina fitar da sababbin tsare-tsarensa tun farkon 2021. Mai son ƙarin gudu a wasa kada ya wahalar da kansa da kati na biyu.

Da kati ɗaya, lafiya lau take tashi. Ana saka na biyu, fankoki su juya, ekaran ya tsaya baƙi ƙirin, ƴar fitilar VGA da ke gefen kart-mer ta kama ta ƙi mutuwa. Fitilun nan huɗu ne, CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke faɗa maka inda injin ya maƙale. Da yake 3600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, soka waya a ramin HDMI na kart-mer ba zai ba ka komai ba, kada a ɓata lokaci a nan.

Nan take na ɗora wa alimantasiyo laifi, na ce ƙarfinta ne ya gaza. Gaskiya a wannan matakin na zalunce ta kaɗan. Lokacin tashi katin hoto ba ya jan wuta mai yawa, sai an ba shi aiki. Alimantasiyo mai ƙaramin ƙarfi galibi takan tayar da inji, daga baya ne take nuna halinta. Don haka bi aka yi daki-daki: kowane kati shi kaɗai a gurbin sama, duka biyu sun nuna hoto. Kowane kati shi kaɗai a gurbin ƙasa da asalin wayar alimantasiyo, nan ma sun nuna. Ke nan katunan lafiyarsu ƙalau, guraben ma haka. Abin da ya rage bai wuce wayar da ke ciyar da kati na biyu ba.

To a nan gizo ke saƙar. Akwatin da ake kira wat 750, wayar PCIe, wadda ke ciyar da katin hoto, ɗaya tak gare shi mai baki 6+2. Kowace alimantasiyo ta kirki mai wannan ƙarfi baki biyu ne mafi ƙaranci, wasu huɗu. Maimakon waya ta biyu, sai aka jefa wani ɗan mahaɗi a kwali, wanda ke ɗaukar wuta daga bakin SATA na ciyar da faifai ya mayar da ita baki 8. Da aka haska shi da fitila, ɗaya daga cikin ƙarafan bakin ya koma ciki, ba ya taɓa na katin. A baki mai 8 akwai ƙarafa biyu da kati ke amfani da su ya gane an jona masa waya. Idan bai ji su ba, ƙin tashi yake yi, wani ma ya rubuta a ekaran cewa a kashe a jona masa wuta. An tura ƙarfen ya koma mazauninsa, fitilar VGA ta mutu.

Amma ekaran bai fasa zama baƙi ba, kuma wannan kam babu ruwan alimantasiyo. Injin ya tashi, BIOS, manhajar da ke tayar da kart-mer, ita ce ke fitar da hoto ta katin ƙasa alhali waya tana soke a na sama. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci cewa kart-mer ta ƙone. Alama mai sauƙi: danna Num Lock, idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, injin yana raye. Mayar da wayar ekaran katin ƙasa, shiga BIOS, nemo wurin zaɓen katin da zai fara nuna hoto, wasu suna kiransa Initial Display Output, ka sa gurbin farko. Idan ko ta ina babu hoto, cire wayar wuta daga bango, cire ɗan batirin CR2032 da ke kan kart-mer na ƴan mintuna, mayar, ka tashi da kati ɗaya tukuna.

A cikin Windows kuma katin ƙasa ya fito da alamar rawaya da Code 12, wato babu isasshen wurin da za a ba shi a taswirar adireshi. Maganinsa kunna Above 4G Decoding a BIOS da kashe CSM, wato tsohon salon tayar da inji. Sai dai a kula, idan an girka Windows a faifai mai tsohon tsarin MBR, ana kashe CSM ba zai ƙara tashi ba. A fara juya faifan zuwa sabon tsarin GPT da mbr2gpt, wanda ke cikin Windows 10 tun sigar 1703, bayan an kwafe muhimman fayiloli. Haka nan a duba littafin kart-mer: a B450 gurbin ƙasa dogo ne a ido kawai, yawanci layi huɗu ne na PCIe 2.0, kuma a wasu allunan yana raba layi da gurbin faifan M.2 na biyu, ka cika ɗaya ɗayan ya mutu. Ga aikin Cycles layi huɗu suna wadatarwa.

Da aka kai nan har na fara sassauta mata. Matsala uku, biyu na saiti ne, ɗaya ta ɗan mahaɗi ce. Fankarta ba ta da ƙara, wayoyinta suna da tsawo, ta riƙe injin da kati biyu ana buga rubutu da shiga intanet babu ko tari. Da a nan na tsaya da na ba ta uku cikin biyar.

Sai aka ba katunan aiki tare. Ba a yi minti huɗu ba injin ya ɗauke ɗif, kamar an zare waya. Aka sake, ya sake. Aka sa mita tsakanin rawayar waya da baƙa: babu aiki bolt 12.1, ana fara aiki ta zube zuwa 11.2 kafin ta yanke. Ƙa'idar alimantasiyo ta ATX sigar 2 ba ta yarda layin bolt 12 ya sauka ƙasa da 11.4 ba. Sai a lokacin na karanta ƙananan rubutun gefen akwatin, wanda ya kamata in fara da shi tun a shago: +12V, 30A. Sha biyu sau talatin, wat 360. Shi ne ainihin abin da furosesa da katuna za su sha daga ciki. Ina sauran 390 ɗin? An tattaro na layin 5 da na 3.3, an ƙara da wani adadi na "ƙololuwa" da ba ta iya riƙewa ko na daƙiƙa goma, aka buga a kwali. Yi lissafin da kanka: 3060 wat 170, 1660 Super wat 125, furosesa yana kaiwa 88, ga faifai da fankoki da kart-mer. An haura 400. Alimantasiyo ta gaskiya mai 750 tana ba da amfiya 60 ko sama a layin 12 kaɗai. Ko a hannu ka ɗaga wannan za ka ji ba ta da nauyi, kamar gwangwanin da babu komai ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan mahaɗin nan. Bayan gwaji na uku ba ya taɓuwa don zafi, robar bakin ta fara canza launi tana wari. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12, baki mai 8 kuwa an ba kati izinin ja har 150 ta cikinsa. Wanda ya sa wannan a kwali ya san abin da yake yi. Kuma wannan a sanyin safiya ne. A zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, ɗaki ya haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe raga, kati biyu suna hura wa juna iska mai zafi, ban ga yadda robar nan za ta kai la'asar ba. Da ya narke, faifan da ke kan wayar ɗaya da shi ma yana cikin haɗari.

Da aka mayar da ita shago, amsar ita ce ai ta kunna, kuma kuran ɗin unguwarmu ne ba shi da ƙarfi. An gwada ta bayan regilater, sakamako bai canza ba. Ba a karɓa ba, ba a musanya ba, sai "haƙuri Malam, haka suke zuwa".

An sauya ta da wata mai 650 ta gaskiya, amfiya 54 a layin 12, wayar PCIe biyu kowace daga akwati kai tsaye, kowane kati da tasa. Aikin da ke kashe injin a minti huɗu ya yi awa uku, mita ba ta sauka ƙasa da 11.9 ba. Sai dai ondiler mai 650VA, na'urar da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta, ya fara kuka, domin abin da yake bayarwa bai fi wajen wat 390 ba, shi ma sai an nemi babba.

Ita kuwa mai jar fankar tana cikin wata kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto, tana aikinta shiru. Ɗan mahaɗin na yanke shi gida biyu kafin in jefar, kada wani yaro ya tsinta ya kai kasuwa. Ɗaya cikin biyar.