Moto mai buroshi ko marar buroshi: wanne ya dace da motarka a ƙurar Zariya?

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka a kan motarka ta rimot mai ƙattin tayoyi, girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Ka ce moton da ta zo da shi mai lamba 550 ya yi warin ƙuna ya tsaya bayan ka sake ta a wani fili wajen Samaru, batirinka kuma NiMH ne mai 7.2V. Kana neman shawara ko ka mayar mata da irinsa mai buroshi, ko ka rufe ido ka ɗora mata marar buroshi irin wanda kake gani a bidiyo yana ɗaga gaba yana tashin ƙura. Bari in jera maka su gefe da gefe.

Mai buroshi wayoyi biyu gare shi. A cikinsa akwai ƙananan kabon guda biyu, su ne buroshin, da sifirin ke dannawa a kan tagullar da ke jikin sandar, irin dai waɗanda bakanike ke canzawa a kik ɗin mota. Ta nan wuta ke shiga koyil, koyil ɗin ne kuma ke juyawa. Tunda gogayya ce, dole wata rana su cinye. Marar buroshi wayoyi uku gare shi, koyil ɗinsa a manne yake da jikin gwangwanin ba ya motsi, maganaɗisun da ke tsakiya ne ke juyawa, na'urar sarrafa gudu kuma, wato ESC, ita ke rarraba wutar a tsakanin wayoyin ukun. Babu abin da ke gogar wani a ciki sai boris guda biyu.

A maganar ƙura, marar buroshi ya yi gaba, kuma ba da kaɗan ba. Ka ɗauki moton naka da ya mutu ka duba gefensa, za ka ga ramukan shan iska. Ta nan ƙurar hunturu da jar ƙasarmu ke shiga, su zauna tsakanin kabon da tagulla suna cin su. Ka leƙa da tocilar waya, sau da yawa za ka ga wani baƙin gari ya tsaya cirko-cirko a jikin maganaɗisun, ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ya manne. Galibin marasa buroshi na irin waɗannan motoci gwangwaninsu a rufe yake. Sai dai ƙurar ba ta ƙyale su gaba ɗaya ba: tana shiga boris, kuma 'yar fankar da ke kan ESC takan toshe, ko tsakuwa ta karya mata fiffike. Da damina kuwa ba moton ne abin ji ba, ka tabbatar dai ESC da risiba, wato mai karɓar umarni daga rimot, masu jure ruwa ne, ka kuma shanya motar ka ɗiga wa boris mai don kada su yi tsatsa.

Wajen gudu ma ba sai an ja magana ba. Kamfanin Arrma ya fitar da motarsa Granite iri biyu a kusan jiki ɗaya. Mai buroshi 550 sun tallata ta da mil 30 a awa, wato kusan kilomita 48, marar buroshi a kan batir 3S, wato batirin LiPo mai sel uku, kuma mil 50, kusan kilomita 80. Lambar kV da ake rubutawa a jikin marar buroshi tana nufin zagaye nawa yake yi a minti ɗaya a kan kowane bolt. Velineon na Traxxas mai 3500kV, in ka ba shi 7.4V zai kusan zagaye 26,000, in ka ba shi 11.1V ya doshi 39,000. Marar buroshi yana kuma cin wuta da tattali, domin ba ya ɓarnatar da ita a gogayya da tartsatsi.

To ina matsalar? Matsalar ita ce mai buroshi abu ɗaya za ka saya, ka kwance noti biyu, ka mayar da 'yar giyar da ke bakin sandar, ka jona wayoyi biyu, shi ke nan. In motar ta yi baya maimakon gaba, ka musanya wayoyin. Marar buroshi kuwa da tawagarsa yake zuwa. ESC ɗinka ta yanzu ba za ta juya shi ba, sai sabuwa. NiMH ɗinka zai motsa shi, amma da ka matse rimot ƙarfinsa zai zube saboda yawan wutar da moton ke zuƙa, sai ka ga ka kashe kuɗi ba ka ga abin da ka saya ba. Ke nan sai LiPo. LiPo kuma ba a caja shi da cajar NiMH, sai mai daidaita sel-sel ɗinsa. In filogin batirinka farin nan ne irin na Tamiya, shi ma sai an yanke shi an liƙa XT60 ko Deans da dalma, don na Tamiyar yakan yi zafi har ya narke.

Akwai abin da nake so ka duba tun kafin ka taɓa aljihu. Buɗe motar ka gani: risiba daban, ESC daban, ko duka a kan allo ɗaya suke? Da yawa daga cikin motoci masu sauƙin kuɗi, irin wasu samfuran WLtoys, allo ɗaya ne ya haɗa komai, ɗan moton da ke juya sitiyarinsu kuma, wato sabo (servo), mai wayoyi biyar ne maimakon uku. In irin wannan ce taka, ranar da ka cire allon ka rabu da risiba da rimot da sabo a lokaci guda. Gangar jiki da tayoyi kawai za su rage maka, sauran duk saye ne.

Sannan ga abin da ya fi damuna, wanda masu bidiyo ba sa nunawa. Ƙarfin da ka ƙara sai ya bi ta giyoyi kafin ya kai taya. Babbar giyar roba ce kan fara zubar da haƙora, sai sandunan da ke kai juyi ga tayoyi, sai giyoyin difarenshiyal. Tayoyin ma a babban gudu sukan kumbura har gam ɗinsu ya saki. Karon da a da motar za ta yi da dutse ta mirgina ta tashi, yanzu hannun taya zai karya. Mu kuma a Zariya muke. Waya da dalma da ƙananan notina za ka samu a Sabon Gari, mai gyaran waya ko na rediyo zai liƙa maka filogi cikin minti kaɗan. Amma giyar da ta dace da samfurin motarka, da adadin haƙoranta da girmansu, sai ka yi odar ta a intanet ka zauna jiran makonni. Mota mai matsakaicin gudu da kake fita da ita duk Asabar ta fi mini mai tashi sama da ke kwance a kwali tana jiran giya ɗaya.

Batun LiPo kada ka ɗauke shi da wasa. Kowane sel 4.2V ne cikarsa, kada ya wuce. Kada kuma ka bari ya sauka ƙasa da wajen 3.2V, shi ya sa dole ESC ta kasance mai yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa. In za ka ajiye shi kwanaki, ka bar shi a 3.8V. Batir mai 5000mAh a caja shi a kan 5A ko ƙasa da haka. Zafin Maris da Afrilu a nan kan kusanci digiri 40, saboda haka barin sa a but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar babur ganganci ne. Ka riƙa caja shi a kan siminti, nesa da katifa da labule, kana kusa, in da hali cikin tukunyar ƙasa da yashi a gindinta. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ka huda shi, kada ka sake jona shi. Abin daɗin shi ne caja irin iMAX B6 tana karɓar wutar batir daga 11V zuwa 18V, don haka ko ba NEPA za ka iya jona ta da batirin mota ko na sola. Ka dai kula, jabunta ya yi yawa a kasuwa.

Yanzu mu koma kan moton da ya ƙone, domin in ba ka gano abin da ya kashe shi ba, sabon ma zai bi sahu, kuma marar buroshi in ya yi zafi fiye da kima maganaɗisunsa kan rasa ƙarfi har abada, asarar ta fi yawa. Cire 'yar giyar moton ka tura motar da hannu a kan siminti. Ya kamata ta gangara sumul. In tana cijewa, ko dai yashi ya shiga wani wuri, ko bushin ɗin tayoyi ya bushe. In bushin ne a ƙafafunta, ka canza su da boris, wannan na cikin gyara mafi araha da za ka ji bambancinsa nan take. Sai haɗuwar giyoyin biyu: yanki 'yar siririyar takardar littafi ka sa tsakaninsu, ka matso da moton, ka ɗaure noti, ka zare takardar. In ka riƙe ƙaramar ka girgiza babbar, ka ji ɗan wasa kaɗan ƙwarai. Matsewa na dafa moto, sakewa na cin haƙora. Gudu cikin doguwar ciyawa ko yashi mai zurfi, da sauya batir a jere ba hutu, su ma suna kashe shi. Bayan minti biyar na gudu ka ɗora yatsa a kan gwangwanin. In ba za ka iya riƙewa na daƙiƙa uku zuwa biyar ba, ya doshi digiri 70, ka tsaya ya huce, ka kuma rage haƙori ɗaya ko biyu a 'yar giyar.

Ga inda na tsaya, ɗan'uwa. A wannan karon ka mayar da 550 mai buroshi. Ka fara juya shi a hankali tayoyi a sama na 'yan mintuna don kabon ɗin su zauna. Bayan kowace fita ka hure ƙurar, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane bakin sandar, ban da kan kabon. Rarar kuɗin ka sayi boris, da LiPo 2S, wato mai sel biyu, da caja ta ƙwarai. In ESC ɗinka ba ta da tsarin yanke wuta, Hobbywing QuicRun 1060 tana da shi, tana kuma jure ruwa. Da 2S kaɗai za ka ga motar ta ƙara kuzari, domin ya fi NiMH sauƙin nauyi, ƙarfinsa kuma ba ya zubewa da wuri. In yara ne ke yawan riƙe rimot ɗin a gida, a nan ma ya kamata ka tsaya.

Marar buroshi ya dace da kai ne in risibarka da ESC a rabe suke, kuma ka tabbatar ana sayar da kayan gyaran samfurin motarka. In haka ne, batir da cajar da ka saya yanzu su ne rabin tafiyar. Ka nemi moto tsakanin 3000kV da 3500kV da ESC ta aƙalla 60A, ka zauna a kan 2S har hannunka ya faɗa, kuma a cikin odar ka haɗa da babbar giya guda biyu da sandunan tayoyi na ajiya. Ka turo hoton cikin motar da murfin a cire, da adadin haƙoran giyoyin biyu, sai in faɗa maka 'yar giyar da za ka fara da ita.