EcoFlow Delta 2 a motar tafi-da-gidanka: batir ne nagari, amma bai kori janareta ba

A Amurka, duk lokacin sanyi dubban masu motocin tafi-da-gidanka, wato motocin da ake zama da kwana a cikinsu kamar gida, suna sauka a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, inda a yawancin filayen babu turken lantarki da za a jona wa mota, don haka kowa da wutarsa yake zuwa. Da yawansu suna da farantan sola a kan rufi, amma tambayar da ke damun su ita ce abin da za a dogara da shi idan hadari ya rufe sama kwana da kwanaki. A nan ne ake tallata Delta 2, wanda kamfanin EcoFlow ya fitar a 2022.

Akwati ne mai nauyin kilo 12, yana adana wuta wat-awa 1,024, kuma yana iya fitar da wat 1,800 a lokaci guda. Batirinsa na LiFePO4 ne, wato wani nau'in batirin lithium, irin wanda kamfanin ya ce sai an yi masa caji sau 3,000 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari. Da dare kuwa babu kamarsa. Ƙaramin firji, fitilu, fanka, kwamfuta da wayoyi duk za su kwana a kansa, ba ƙara sai ɗan hucin fankar da ke cikinsa, ba kuma hayakin da zai shiga ta taga ya halaka mai barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa yawancin sansanonin gandun dajin gwamnati suna hana hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Inda gizo ke saƙa shi ne na'urar sanyaya ɗaki. Wadda aka fi sakawa a rufin irin waɗannan motoci tana cin abin da ya kai wat 1,300 ko fiye, wato ko awa ɗaya ba za a yi ba batirin ya ƙare. Sola ma tana da iyaka: wat 500 kaɗai Delta 2 yake karɓa daga gare ta, kuma ba ya ɗaukar caji idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, abin da mai hawa duwatsun jihar Colorado ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗinsa.

Shi ya sa a ganina bai dace a jefar da ƙaramin janareta irin Honda EU2200i ba, duk da nauyinsa na kusan kilo 21 da ɗawainiyar fetur da sauya baƙin mai. Tankinsa lita 3.6 ne, yana kai awa 8 idan kayan da aka ɗora masa ba su da yawa, ko da yake ƙarfinsa yana raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari a kowace mita 300 da aka hau. Amfanin haɗa su biyun shi ne Delta 2 yana cika zuwa kashi 80 cikin minti 50 idan an jona shi da janareta, saboda haka awa guda da rana ta ishi daren gaba ɗaya.

Wanda buƙatarsa firji da fitila ce, Delta 2 da farantan sola sun wadatar da shi. Mai niyyar yin bazara a Arizona kuwa, ya fara sayen janaretan tukuna.