Littattafan 1933 Ko Adabin Kasuwar Kano: Wanne Ɗalibi Zai Nazarta?

Duk lokacin zaɓen taken kundin digiri a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sai ɗalibai su yi ta tambayata: su ɗauki tsofaffin littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, ko su koma ga adabin kasuwar Kano, wato littattafan soyayya da makamantansu, da ya bunƙasa tun shekarun 1980?

Ta fuskar sauƙi, tsofaffin sun yi gaba. A nan Zariya aka shirya gasar ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, sharhi a kansu kuma jibge yake a Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar. Kuɗin kofe kawai za ka kashe. Amma fa gonar ta sha noma. Jigo, salo, taurari, duk an tattake, malamin da zai duba aikinka kuwa ya haddace su. Ƙaramin kwafe ma sai ya gane.

Na kasuwar Kano akwai wahalar nema. Marubuta da yawa da kansu suka buga, wasu littattafan ba shekarar bugu, wani kashi na biyu sai ka bi masu ba da hayar littattafai kafin ka same shi. Ga kuɗin mota zuwa Kano. Sai dai marubutan da dama suna raye, za ka iya zama da su ka yi hira, batun aure da kishi da matsayin mata kuwa, kamar a rubutun Balaraba Ramat Yakubu, bai ƙare ba.

Mai ƙarancin lokaci da kuɗi, wanda ya iya zurfafa karatu, tsofaffin sun fi masa. Mai ƙafar yawo da ke hangen digiri na biyu, ya nufi Kano.