Makullin birki na lantarki da na hannu: wanda ya dace da motar daji

Malam, ka tambayi wane makullin birki za ka sa wa motarka, na lantarki ko na hannu. Tun da Land Cruiser ɗinka wuraren haƙar kuza take shiga a yankin Barikin Ladi, tana janyo motoci da winci, wato na'urar ja da igiya, birkin hannunta kuma ba ya riƙo a gangare, makullin hannu mai liba za ka saya. Na lantarkin ka bar shi.

Tushen aikinsu ɗaya ne. Ka taka birki, ka kulle bawul, man birki ya maƙale tsakanin bawul ɗin da tayoyi, ka ɗaga ƙafa birki na nan a kame. Inda suka rabu shi ne tsawon lokacin da kowanne ke iya riƙewa, da abin da ke sa ya saki.

Na lantarki, irin su Hurst Roll/Control, solonayid ne, wato bawul mai aiki da wutar batir. Don masu tseren mota aka ƙera shi, su kame tayoyin gaba na ɗan lokaci kafin su tashi, kuma ba a son ya wuce daƙiƙa 60 a kunne saboda kwayil ɗinsa na ɗaukar zafi. Ɗaura shi ba wuya, yana kuma taimakon mai kuloci wajen tashi a kan hawa. Iyakarsa ke nan. Wuta na yankewa zai saki, winci kuwa ɗaruruwan amfiya yake zuƙa idan ya ɗauki nauyi, ƙarfin batir ya faɗi daidai lokacin da ka fi bukatar motar ta tsaya cak.

Na hannu, irin Lever Lock na kamfanin MICO, babu ruwansa da batir, babu abin da zai ƙone a cikinsa. Bawul ɗin da ke ciki hanya ɗaya yake buɗewa, mai ya wuce zuwa tayoyi, ya hana shi komowa. Amfanin wannan sai a bakin aiki ake ganinsa. Igiyar winci ta miƙe tana ƙara, tifa ta nutse a laka har bakin diferenshal, motarka ta fara jan jiki gaba kaɗan-kaɗan. Direba ya sa ƙafa ya ƙara takawa sau ɗaya, matsin ya ƙaru a kan na da, ya zauna a nan, ba sai an saki an sake kullewa ba. Wahalarsa ɗaya ce, dole a ja bututu biyu zuwa cikin mota inda hannu zai kai ga liba, wato mahaɗa ta ƙaru, wurin yoyo ya ƙaru. Aikin yini ne ga bakanike mai natsuwa, kuma ya cancanci yinin.

Wasu za su ce ka sa bawul mai ƙwallo kawai, ya fi araha. Shi wannan duka hanyoyin biyu yake toshewa. In gwiwar yaron mota ta ture shi kuna cikin tafiya, ka taka birki mai ba zai isa tayoyin ba sam.

A kasuwa ka buɗe ido. Akwai masu miƙo maka bawul ɗin ruwan fanfo na tagulla su rantse maka shi ake sawa. Yawancinsu matsin psi 600 ne a rubuce a jikinsu, birki kuwa yana haura 1,000 idan aka taka da ƙarfi. Akwai masu saida solonayid na iskar gas ko na man haidurolik a matsayin na birki. Robar da ke cikin waɗannan ba ta jure man birki na DOT 3 da DOT 4, sai irin wadda ake kira EPDM. Ko MICO ɗin kansa iri biyu ne, na man birki da na man haidurolik, saboda haka ka karanta jikin kwali da idonka. Wanda ba shi da lamba ko takarda, ka ajiye masa kayansa.

Wajen ɗaurawa, layin gaba za a kama, domin birkin faifai na gaba ya fi birkin ganga na baya riƙo. Idan motar tsohuwa ce marar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa idan an taka birki, a bi bututun da ya fito daga masta, silindar da ke tura man birki, zuwa gaba, a sa makullin kafin inda ya rabu hagu da dama. In ka sa giyar 4L, wato ƙaramar giyar taya huɗu, ka kulle hob na tayoyin gaba, riƙon gaban zai kai ga tayoyin baya ta farfela. Mai ABS kuwa makullin bayan akwatin ABS yake zama, kuma a nan kowace tayar gaba da layinta, bawul guda ba zai isa ba. Wannan ba aikin kowane gareji ba ne.

Bututun Toyota milimita 4.75 ne, notinsa M10x1.0, bakinsa a naɗe ninki biyu. Makullan da ke zuwa daga Amurka haƙoransu na inci ne, sau da yawa 1/8 NPT, kuma yana kama da M10 ƙwarai, har zai shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije. Wanda ya ci gaba da matsawa da sifana ya kashe bawul ɗin. A nemi adafta ta gaskiya tun kafin a yanka komai. Bututu ya zama na ƙarfe ko gaurayen jan ƙarfe da nikel, ban da na firji ko na AC, ban da kuma mahaɗar da ake matsewa da zobe. Farin tef ɗin masu fanfo a kan haƙoran NPT kaɗai yake zama, a bar haƙora biyu na farko tsirara don kada guntunsa ya shiga bawul. Inda bututu ya ratsa jikin mota a sa masa roba, a ɗaure shi da kilif, a nisanta shi da salansa.

Bayan nan a fitar da iska, makulli a buɗe, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. In akwai bawul ɗin daidaita lodi a bayan motar, shi ma yana da nasa wurin fitar da iska, a yi shi a ƙarshe. Lita 1 ta man birki ta wadatar. Abin da ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take, yana cin fenti.

Ko na hannun ba ya maye gurbin birkin hannu, su masu ƙera shi ma ƙari suka ɗauke shi. Wanda ya gangaro Hawan Kibo birki ya yi zafi, ya kulle ya tafi cin abinci, mai zai huce ya tsuke, matsi ya sauka, mota ta fara silalewa babu kowa a ciki. A sanyin hunturun Jos abin ya fi sauri. Ka gyara takalman birkin hannunka da kebur ɗinsa a wannan zuwan gareji, in za ka bar motar ka sa giya, ka sa weji.

Kafin ta koma daji, ka kai ta gangare marar mutane, weji taku ɗaya a bayan taya, kai kana zaune a kujera. Ka kulle, a ja layin alli daga taya zuwa ƙasa, ka jira minti 10. In layin ya goce, a bi kowace mahaɗa da farin tsumma don neman yoyo. In tsumman ya fito a bushe, bawul ɗin ne ke sakin mai ta ciki, ka mayar wa mai shi.