Teburin ɗalibai ya ƙi haɗuwa da na azuzuwa: a zauna kan Laravel ko a koma Django?

Ɗan'uwanmu da ke gina wa wata makaranta a Ƙofar Ƙaura manhajar rajistar ɗalibai ya kawo tambaya. Yana aiki da Laravel, tsarin gina manhajojin yanar gizo, a kan XAMPP, wanda ke mai da kwamfutarka sabar gwaji, kuma duk sanda ya buga php artisan migrate, umarnin da ke gina tebura daga fayilolin da ya rubuta, sai kuskure mai lamba errno 150 ya fito, teburin ɗalibai ya ƙi ɗauruwa da na azuzuwa. An ce masa ya koma Django, wani tsarin mai irin wannan aiki, wai can babu wannan wahala.

Malam, kada ka koma. Ƙorafin nan daga rumbun bayanai yake fitowa, wato MariaDB da ke cikin XAMPP, Laravel isar da saƙo kawai ya yi. Bambancin manhajojin biyu shi ne wanda ke ɗaukar nauyin daidaita haɗin.

A Laravel kai ne da ɗawainiyar. Tun sigar 5.8 ta 2019, lambar id ta kowane tebur babbar lamba ce marar ɗebewa, unsignedBigInteger. Idan ka rubuta aji_id, gurbin da ke nuna ajin kowane ɗalibi a teburin ɗalibai, a matsayin integer, ka kawo filogi mai baki uku ga soket mai rami biyu. A MySQL 8 wannan matsalar da lamba 3780 take fitowa. Maganinta foreignId('aji_id'), wanda ya zo da Laravel 7 a 2020. Django kuwa da ka rubuta ForeignKey, wato haɗin tebur da tebur, shi zai duba nau'in lambar ɗaya teburin ya yi daidai da ita.

Haka batun wanda zai riga wani. Laravel yana bin kwanan wata da lokacin da ke farkon sunan fayil, don haka idan fayil ɗin ɗalibai ya riga na azuzuwa, za a nemi teburin da ba a riga an gina ba. Ka gyara kwanan watan a sunan fayil ɗin. Django yana rubuta dogaron wannan fayil da wancan a cikin dependencies, shi ke jera su da kansa.

Sai wanda na fi zargi a aikinka, domin mu masu sa wa tebura sunan Hausa shi ya fi kamawa. Idan ka bar constrained(), wanda ke ɗaure aji_id da ɗaya teburin, babu komai a ciki, Laravel zai ɗauki aji_id ya yi masa jam'i irin na Turanci, ya tafi neman tebur mai suna ajis. Naka kuwa azuzuwa ne. Rubuta constrained('azuzuwa'), sannan a cikin Aji.php ka sa protected $table = 'azuzuwa'. Django ba ya wannan jam'in, sunan manhaja da na samfuri (model) yake haɗawa, kamar makaranta_aji.

To amma Django ma da nasa. Tun sigar 2.0 ta Disambar 2017 ba ya karɓar ForeignKey sai da on_delete, wato abin da za a yi da ɗalibai idan an goge ajinsu. Idan aji yana da malami da mataimaki, duka biyun suna nuni ga teburin malamai, zai tsaya da fields.E304 har sai ka ba aƙalla ɗaya daga cikinsu related_name, sunan da zai bambanta haɗin biyu. Idan kuma tebur ya riga ya cika da ɗalibai ka ƙara haɗin, zai tambaye ka ajin da za a ba tsofaffin layuka, ka ba shi lambar da babu ita, IntegrityError ya biyo baya. A ɓangarenka na Laravel, lambar kuskure 1452 ce takwararta.

Abu guda nake roƙonka: kada ka kashe binciken haɗin da SET FOREIGN_KEY_CHECKS=0 don saƙon kuskuren ya ɓace. Za ka wayi gari da yaro a aji mai lamba 14 alhali babu ajin, ranar fitar da sakamako sunansa ba ya cikin kowane jeri, ga uba tsaye a ofishin shugaban makaranta. Haka ma cascadeOnDelete(): a goge aji ɗaya, ɗalibansa duka su tafi. Ga makaranta restrictOnDelete() ya dace, wanda a Django PROTECT ne kusan daidai da shi.

Ka fara da sunan tebur, sai nau'in lamba, sai jerin fayiloli. Bayan gyara migrate:fresh zai sake gina komai, amma yana share duk teburan, don haka a kwamfutarka kaɗai, ba a sabar makarantar ba.