Sharhi kan Into the Breach: tsaro ya fi kai hari wuya

Duk wanda ya saba da wasannin kwamfuta na dabarun yaƙi na bi-da-bi ya san inda gizo ke saƙa. Da zarar ka gama naka motsin, hannunka ya ɗaure, sai dai ka zuba ido abokin gaba ya yi yadda ya ga dama. A wasan XCOM 2, alal misali, kana iya ɓoye sojojinka a bayan bango ka sa su gadi, amma ko harsashi ya same su ko ya kuskure, sa'a ce ke yanke hukunci.

Into the Breach, wanda kamfanin Subset Games ya fitar a 2018, ya bi wata hanya dabam, kuma abin da ya kama ni ke nan. Filin dagar gida takwas ne tsaye, takwas kwance. Injinan yaƙi uku kacal gare ka, abokan gaba kuwa ƙattin ƙwari ne da ake kira Vek, masu ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kafin ka motsa, wasan zai nuna maka gidan da kowane ƙwaro ya auna, har da wanda zai fara kai hari.

Mutum zai zaci an sauƙaƙa masa. Ina! Sau da yawa ƙwari huɗu ko biyar ne suka auna gine-ginen jama'a, kai kuma bugu uku za ka yi. Duk ginin da aka daka yana rage maka wutar lantarki, ragin kuma yana bin ka har yaƙi na gaba. In ta ƙare, shi ke nan, an ci ka. Saboda haka kisa ba shi ne a gaba ba, turewa ce. Ka ture ƙwaro gida ɗaya, harinsa ya faɗa a fili ko a kan ɗan'uwansa. Ka hankaɗa shi ruwa ya nutse, in dai ba mai tashi ba ne. Ka tsaya a bakin ramin da sabo zai fito, ka toshe shi, ka ɗauki ɗan rauni. Wani lokacin ma dole ka tare duka da jikin injinka, domin shi ana gyara shi bayan yaƙi, wuta kuwa sai ka yi guminta kafin ta dawo. Nakan daɗe ina kallon allo kafin na taɓa komai, kuma daɗin da nake ji idan bugu ɗaya ya kawar da hari biyu ba kaɗan ba ne.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne damar kashi 15 cikin 100 da gini ke da ita ta jure duka. Wasan da ya ginu kan lissafi bai kamata ya ceci mutum da sa'a ba.

Sau ɗaya tak ake ba ka damar maimaita zagaye a kowane yaƙi, don haka sabon shiga ya fara da mataki mai sauƙi. Mataki mafi wuya mai suna Unfair da aka ƙara a 2022 kuwa, a bar shi sai hannu ya faɗa.